Yadda ake wayar wa iyaye kai kan dokar ESSA, har a kai ga zama da shugaban makaranta

Wannan bayani na mutanenmu ne mazauna Amurka masu yara a makarantun gwamnati, musamman wanda jama'a suka ɗora wa nauyin karanta musu takardun makaranta saboda ya ɗan fi su Turanci. Ko a Bronx kake, ko Greensboro, ko Columbus, ko Houston, akwai dokar tarayya guda ɗaya da ta tilasta wa jiharku ta auna kowace makarantar gwamnati, ta buga sakamakon a fili, ta kuma buɗe wa iyaye ƙofa. Sunanta ESSA, wato Every Student Succeeds Act. Dokar ba ta gyara makaranta da kanta. Abin da take yi shi ne ta fito da alƙaluma, ta ba ka damar yin tambaya a rubuce a ba ka amsa. In ba wanda ya karanta alƙaluman, ba wanda ya yi tambayar, shi ke nan, takarda ce kawai. Na sha zama da iyaye kan wannan aiki, ga yadda nake bi da shi.

Kayan aiki

Kana buƙatar kwamfuta mai intanet. Waya ma tana yi, amma teburorin alƙaluma ba sa fita da kyau a ƙaramin gilashi. In ba ka da kwamfuta ko na'urar buga takarda, je laburaren unguwa: kwamfutarsu kyauta ce, bugawa kuma 'yan sulalla ne kowane shafi. Ka nemi fayil mai aljihu-aljihu, da maka mai haskaka layi kala biyu, da littafi guda wanda ba a rubuta komai a ciki sai maganar makaranta: ranar da aka kira waya, wa aka samu, me ya ce.

Takardun da za ka tara su ne rahoton da jiha ta buga kan makarantar, sakamakon jarrabawar jiha na kowane yaro, wasiƙar shirin koyon Turanci ga yaran da aka saka a ciki, rubutacciyar manufar makaranta kan shigar da iyaye, da yarjejeniyar da ke tsakanin makaranta da iyaye. Biyun ƙarshe a ofishin makaranta ake karɓa, ko a shafinta na intanet.

Sai mutane. Kai kaɗai ba za ka iya ba. Ka samu mai rubuta abin da aka tattauna, ka samu mace mai faɗa a ji a cikin mata, domin a gidajenmu uwa ce ke buɗe jakar yaro, ita ce malamai ke gani a bakin ƙofa. In da hali, a samu matashi ko matashiya da suka yi sakandare a nan, don sun san makarantar ta ciki.

Ɗan abin da ya kamata ka sani kafin ka tsaya gaban mutane

A Amurka jiha da gundumar ilimi ne ke gina makaranta, su ɗauki malamai, su tsara abin da za a koyar. Kuɗin da ke zuwa daga Washington bai wuce kusan kashi 1 cikin 10 na abin da ake kashewa ba, sai dai yana zuwa da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan su ne dokar. Asalinta dokar ilimin firamare da sakandare ce da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1965, wadda sashenta na farko, Title I, ke tura kuɗi zuwa makarantun da 'ya'yan talakawa suka yi yawa. A Janairun 2002 George W. Bush ya sa hannu a kan sabon salonta, No Child Left Behind. Ran 10 ga Disamba 2015 Barack Obama ya sa hannu a kan ESSA, wadda ta maye gurbinta, ta mayar wa jihohi iko mai yawa.

Abu uku ta ɗora wa kowace jiha. Na farko, jarrabawa: karatu da lissafi kowace shekara daga aji 3 zuwa aji 8, da sau ɗaya a sakandare, kimiyya sau uku, ɗaya tsakanin aji 3 da 5, ɗaya tsakanin 6 da 9, ɗaya tsakanin 10 da 12. Na biyu, a buga sakamako rukuni-rukuni, kada a dunƙule. Na uku, a ware makarantun da suka yi baya, a yi musu tsarin gyara tare da iyaye. Wannan ya ishe ka.

Wani zai ce maka ai an ce za a rufe ma'aikatar ilimi ta tarayya. Gaskiya ne a Maris 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a kan umarni mai wannan nufi, amma umarnin shugaba ba ya soke dokar da majalisa ta yi. ESSA tana nan sai ranar da majalisar ta canza ta.

Mataki na 1: Gano makarantar da gundumarta

Rubuta cikakken sunan makarantar kowane yaro da sunan gundumar. Sannan ka kira ofis ka yi tambaya ɗaya: wannan makaranta tana karɓar kuɗin Title I? Yawancin haƙƙoƙin iyaye da za mu ambata a kan irin waɗannan makarantu suke, kuma a unguwannin da mutanenmu suka fi zama, galibi amsar "e" ce. Makarantun cata (charter), wato waɗanda ƙungiyoyi ke gudanarwa da kuɗin gwamnati, na gwamnati ne, dokar ta hau kansu. Makarantun kuɗi, har da Islamiyyu masu zaman kansu, ba sa cikin wannan awo, don haka kada ka ɓata lokaci neman rahotonsu a shafin jiha.

Mataki na 2: Sauko da rahoton jiha

Shiga shafin ma'aikatar ilimi ta jiharku, ka nemi sashen rahoton makarantu, ka rubuta sunan makarantar. Kada ka dogara da shafukan 'yan kasuwa masu ba makarantu maki 1 zuwa 10, waɗanda dillalan gidaje ke nuna wa mutane. Na jiha shi ne wanda shugaban makaranta ba zai yi musu a kai ba. Kowace jiha da salonta: Texas da North Carolina harafi suke bayarwa daga A zuwa F, Ohio da Maryland taurari 1 zuwa 5, Kalifoniya launuka. Ka duba shekarar da ke saman takardar. Jarrabawa tsakanin Maris da Mayu ake yinta, rahoto kuma sai bayan watanni yake fita, saboda haka kullum na bara kake karantawa. Ka buga na shekara biyu ko uku a jere. Za ka ga giɓi a 2020, shekarar korona, lokacin da aka ɗage jarrabawar a duk ƙasar.

Mataki na 3: Karanta rahoton kai kaɗai kafin ranar taro

Nan ne aikin yake, kada ka yi gaggawa.

Babban harafin da ke sama, ko taurarin, kamar kwandon tumatir ne da aka jera manya a baki. Sai ka sa hannu ƙasa. Ka gangara zuwa inda aka raba yara rukuni-rukuni. Doka ta ce a nuna sakamakon kowane babban rukunin launin fata ko ƙabila, da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, da masu naƙasa, da masu koyon Turanci. Yaranmu galibi suna faɗawa cikin layi uku: baƙaƙen fata, masu ƙaramin ƙarfi, da masu koyon Turanci. Ka shafa wa layin "duka ɗalibai" kala ɗaya, waɗannan ukun ka shafa musu ɗaya kalar. A ce, misali, duka ɗalibai kashi 55 cikin 100 sun kai mizanin lissafi, amma a layin masu koyon Turanci ka ga 14. Wannan tazarar ita ce maganar da za ku kai makaranta.

Wani lokaci maimakon lamba sai ka ga ɗan tauraro ko gajeren layi a cikin akwatin. Ba kuskuren bugawa ba ne. Kowace jiha ta yanke mafi ƙarancin yawan yaran da za a lissafa a matsayin rukuni, yawanci tsakanin 10 da 30. In yaran ba su kai ba, sai a ɓoye lambar don kada a gane ko su wane ne. Illar ita ce ƙaramin rukuni yana iya yin baya shekara da shekaru ba wanda ya lura. In ka ci karo da haka, duba rahoton gunduma baki ɗaya, inda aka haɗa yaran makarantu da yawa, a can lambar za ta fito.

Sannan ka bambanta lambobi biyu da mutane ke cakuɗawa. Akwai yawan yaran da suka kai mizani, akwai kuma ci gaban da yaro ya samu daga bara zuwa bana. Makarantar da ke karɓar baƙi sababbin zuwa tana iya yin ƙasa a na farko, ta yi sama a na biyu, kuma irin wannan makaranta malamanta suna aiki. Wata kuma a unguwar masu hali take, yaranta da ma sun zo da karatunsu daga gida, mizani sama, ci gaba ba yabo ba fallasa. Ni dai in zan zaɓa wa yaron da ya zo daga Damagaram ko Kumasi bara, lambar ci gaba nake fara dubawa, sai layin da ke nuna yadda masu koyon Turanci ke gaba a harshen, wanda ESSA ta wajabta a saka shi cikin awon kowace makaranta.

A sakandare ka duba yawan masu kammalawa cikin shekara 4, shi ma rukuni-rukuni.

Doka ta bar wa jiha ta ƙara aƙalla ma'auni ɗaya wanda ba jarrabawa ba, kuma jihohi da yawa sun zaɓi yawan fashin makaranta. Yaron da ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu, wato wajen kwana 18 cikin 180, ya shiga wannan lissafi, ko da uzuri ko babu. A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Tikitin zuwa gida ya fi araha in hutu ya ƙare, sai a tafi da yara a dawo makonni uku bayan an koma. A ƙara ranakun Salla, da ranar da aka bar babbar 'ya ta yi reno, da ranar da aka tafi da yaro asibiti don ya yi wa kakarsa tafinta. Kafin a ankara 18 ta cika. In za ku je neman haƙƙi, ku fara da gyara wannan, don shi ne abu na farko da za a jefe ku da shi.

Daga can ƙasa akwai abin da kusan ba wanda ke karantawa: kuɗin da ake kashe wa kowane ɗalibi a wannan makaranta, yawan malamai sababbin hannu, masu lasisin wucin gadi, da masu koyar da fannin da ba nasu ba, da yawan yaran da aka dakatar. Ka ɗauki makaranta ɗaya ta unguwar masu kuɗi a cikin gundumarku, ka buga nata, ka ajiye su kafaɗa da kafaɗa.

Mataki na 4: Duba ko an yi wa makarantar alama

Alamu uku za ka nema. CSI na nufin makarantar baki ɗaya tana buƙatar gyara: ko tana cikin kashi 5 cikin 100 na ƙarshe a makarantun Title I na jihar, ko sakandare ce da kashi 1 cikin 3 na ɗalibanta ko fiye ba sa kammalawa. Ana fitar da wannan jeri aƙalla sau ɗaya a shekara 3. TSI na nufin wani rukuni ne ya daɗe yana baya, ko da sauran makarantar lafiya lau. ATSI kuma rukunin ya yi ƙasa har ya kai matsayin waɗancan na kashi 5.

Iyaye suna jin haka sai hankali ya tashi, a fara maganar cire yara. Ka kwantar musu da hankali. Alamar tana zuwa da abu biyu masu amfani: dole a rubuta tsarin gyara tare da iyaye, kuma jiha tana ware kashi 7 cikin 100 na kuɗin Title I ɗinta don irin waɗannan makarantu. Makarantar CSI da ba ta fita ba cikin wa'adin da jiha ta sa, wanda ba zai wuce shekara 4 ba, jiha za ta ɗauki mataki mafi tsanani a kanta. Ka nemi kwafin tsarin gyaran, ka tambayi su wane ne iyayen da aka zauna da su aka rubuta shi.

Hattara da tsohon bayani. A zamanin dokar Bush, makarantar da ta daɗe tana baya dole ta ba iyaye damar canza makaranta da darasin ƙari kyauta. ESSA ta cire wannan tilas ɗin. Yanzu gunduma tana iya ba da damar canzawa daga makarantar CSI in ta ga dama. Akwai dattawanmu da suka yi renon yara a wancan lokaci, har yau suna ba da shawara da tsohuwar doka, da kyakkyawar niyya. Ka tambayi gunduma abin da take yi yanzu kafin ka yi wa kowa alkawari.

Mataki na 5: Kowace uwa ta zazzage jakar ɗanta

Mako guda kafin taro, a tura saƙon murya a WhatsApp, ba rubutu ba, a ce kowa ya kawo duk takardar da makaranta ta aiko tun farkon zango. Za su zo a leda, wasu a cukurkuɗe, wasu da tabon miya. A cikinsu kana neman uku.

Ta farko sakamakon jarrabawar jiha na yaron. Wannan daban yake da makin da malamin aji ke bayarwa. Yaro yana iya kawo A da B duk zango, a jarrabawar jiha kuma ya fito mataki na ƙasa. In ka ga haka, tambaya ta samu.

Ta biyu wasiƙar shirin koyon Turanci. Doka ta ce a sanar da iyaye cikin kwana 30 da buɗe makaranta, ko cikin mako 2 in a tsakiyar shekara aka saka yaron, a faɗa musu dalili, da matakin da yake, da irin shirin, da abin da zai cika kafin ya fita. Iyaye suna da ikon cewa ba sa so. Amma ko sun ƙi, yaron zai ci gaba da zana jarrabawar harshe ta shekara-shekara, wadda ke auna ji, magana, karatu da rubutu, har sai ya ci. A jihohi da yawa ACCESS ake kiranta, a Texas TELPAS, a Kalifoniya ELPAC. Kuskuren da na fi gani shi ne uba ya ji ɗansa na zuba Turanci da abokai, ya ce a cire shi, alhali a rubutu ne yaron ke faɗuwa. Ka duba makin sassan huɗu ɗaya bayan ɗaya kafin a yanke shawara. Kishiyarsa kuma yaron da aka haifa a nan, ya kai aji 6 har yanzu yana cikin shirin; wannan ma abin tambaya ne. Yaron da bai cika wata 12 a makarantun Amurka ba, jiha tana iya ɗauke masa jarrabawar karatu sau ɗaya.

Ta uku wasiƙar da ke cewa malamin da bai cika sharuɗɗan lasisin jiha ba ya koyar da ɗanka mako 4 a jere ko fiye. Makarantar Title I dole ta aiko da ita. Ko ba ta zo ba, kana da ikon tambayar takardun cancantar malaman ɗanka.

Yaro mai IEP, wato tsarin karatu na musamman saboda naƙasa, wata doka ce daban ke kula da shi, IDEA. Ka ware nasa a yi masa zama na kansa, kada a buɗe sirrinsa a gaban jama'a.

Mataki na 6: Taron iyaye

Lokaci shi ne rabin nasara. Mazanmu da yawa tuƙi suke yi ko aikin dare, mata kuma aikin kula da tsofaffi ko kitso. Asabar ko Lahadi bayan azahar, lokacin da yara ke Islamiyya, ya fi tara mutane. Ka nemi izinin liman ko shugaban ƙungiya tun da wuri, ka bar shi ya buɗe da addu'a. In zama ɗaya bai dace ba, a yi na mata daban. Sau da yawa ma a can ake jin ainihin abin da ke faruwa. In ba a samu ɗaki ba, laburare na ba da ɗakin taro, ko a yi a falon wani da mutum shida.

Kada ka yi lacca kan tarihin doka. Minti biyar ya isa. Raba takardar da ka shafa wa kala, kowa ya riƙe tasa. Za a samu mai cewa, "Malam, ai an ce mana makarantar B ce." Sai ka ce, "Haka ne, Hajiya, B ɗin ta kowa da kowa ce. Sa yatsanki a layin nan mai ruwan ɗorawa, shi ne na yaranmu. Nawa kika gani?" Ka bar ta ta karanta lambar da bakinta.

Tun farko ka kawar da tsoro guda. Wasu ba za su yi magana ba saboda takardun zama. Kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1982, a shari'ar Plyler da Doe, cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayin shige da ficensa. Duk da haka kada ka tilasta wa kowa sa hannu. Wanda bai natsu ba, a bar masu natsuwa su wakilce shi. Kuma iyalin da suka rasa muhalli suka raɓe a gidan ɗan'uwa, dokar McKinney-Vento ta ba yaransu damar ci gaba da makarantarsu ta asali har da abin hawa. Ka faɗi wannan a fili ba tare da kallon kowa ba, wanda abin ya shafa zai same ka daga baya.

Za a taso da maganar hana yara zana jarrabawar jiha. Jihohi sun bambanta a kan haka, kuma gunduma dole ta ba ka bayanin ƙa'idarta in ka nema. Doka tana son aƙalla kashi 95 cikin 100 na kowane rukuni su zana. Ra'ayina shi ne yaranmu su zana. Mu da ba mu da yawa, in muka janye, layinmu ne zai koma ɗan tauraro.

Za a kuma taso da abincin halal, da wurin salla, da wasan ninkaya. Duk suna da muhimmanci, a rubuta su a shafi daban. A wannan zama a tsaya kan tambaya uku kacal da suka fito daga rahoton, a zaɓi mutum uku ko huɗu da za su kai su, a ciki har da mace.

Mataki na 7: Wasiƙa, sannan zama

Komai a rubuce. Gajeren imel zuwa ga shugaban makaranta: mu iyayen yara kaza ne, mun karanta rahoton jiha na shekara kaza, muna neman zama na minti 30 kan tambayoyi uku, ga su, muna buƙatar tafintan Hausa. Ka saka kwanan wata, ka ajiye kwafi. Wanda ba shi da imel ya kai takarda ofis da hannu, a buga masa hatimin karɓa a kan kwafinsa.

Tafinta haƙƙi ne. ESSA ta ce a ba iyaye bayani cikin harshen da suke fahimta gwargwadon iko, dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 kuma ta hana nuna bambanci saboda asalin ƙasa. Gundumomi da yawa suna da kwangila da kamfanonin tafinta ta waya, amma mai Hausa ba kullum ake samunsa nan take ba, don haka a nema kwanaki kafin zaman. In bai samu ba, 'yan Nijar su karɓi na Faransanci, ko ku je da babban mutum naku. Kada yaro ya yi wa iyayensa tafinta a kan maganar karatunsa.

A wajen zama, a gaisa, a gode, a ajiye takardar a tebur. Tambayoyin su zama masu amsa da lamba ko suna: malamai nawa ne ke da lasisin koyar da masu koyon Turanci, minti nawa yaro ke samu a mako, me tsarin gyara ya ce kan wannan rukuni, wa ke da alhakinsa, yaushe za mu dawo mu ga inda aka kwana. Ba faɗa kuka zo ba, kuma sau da yawa shugaban makarantar ma yana neman iyayen da za su taya shi matsa wa gunduma. Washegari a aika imel na godiya mai ɗauke da abin da aka amince a kai.

Mataki na 8: Taron Title I da kuɗin iyaye

Kowace makarantar Title I dole ta kira taron iyaye sau ɗaya a shekara, yawanci farkon zango, kuma kujeru a wofi ake yinsa. Ku cika su. Gundumar da ke karɓar fiye da dala 500,000 na Title I dole ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 don shigar da iyaye, kashi 90 cikin 100 na abin da aka ware kuma ya sauka makarantu. Gundumar da ta karɓi dala miliyan 10, alal misali, za ta ware 100,000, makarantu su raba aƙalla 90,000. Doka ta ce da iyaye za a yanke yadda za a kashe, kuma ta halatta a biya kuɗin mota da na masu reno don iyaye su samu zuwa taro. Ku tambayi nawa ne rabon makarantarku, me aka yi da na bara. Ku kawo shawararku: tafinta a ranar ganawa da malamai, ajin Turanci na iyaye mata, sanarwa ta murya da Hausa. A nan ne kuma ake sabunta manufar shigar da iyaye da yarjejeniyar nan, ku nemi a saka ɗayanku a kwamitin.

In makaranta ta aiko da fom na bayanin abin da iyali ke samu ko na abincin rana, a cike a mayar. Gundumomi da yawa da shi suke ƙirga masu ƙaramin ƙarfi wajen raba kuɗin tsakanin makarantu.

Mataki na 9: In aka yi biris da ku

Ku ba da mako biyu, ku sake tunatarwa a rubuce. In shiru, ku hau sama: jami'in Title I na gunduma, sannan shugaban gunduma, sannan taron hukumar makarantu, inda ake ba jama'a 'yan mintoci su yi magana in sun rubuta suna tun da wuri. A birnin New York tsarin ya ɗan bambanta, akwai majalisun ilimi na gundumomin unguwanni da iyaye ke zama a ciki, ta nan ake bi. In abin takardun ɗanka ne aka hana ka gani, dokar FERPA ta 1974 ta ba makaranta kwana 45 ta nuna maka su daga ranar da ka nema. In kuma karya dokar ESSA ne ƙarara, kamar ƙin kiran taron shekara ko ƙin aiko da wasiƙar shirin Turanci, kowace ma'aikatar ilimi ta jiha tana da rubutacciyar hanyar karɓar ƙorafi a kan shirye-shiryen tarayya. Ka nemi fom ɗin a shafinta, ka rubuta abin da ya faru da ranakunsa daga littafin nan naka, ka haɗa kwafin wasiƙun, ka riƙe na asali a fayil.